Harajin gida da lambatun ƙofar Kawu: yadda ta kaya a unguwarmu

Abin nan a gidan kawuna ya faru, ƙanen mahaifiyata, a wata unguwa cikin garin Sakkwato. Ba zan faɗi unguwar ba, ba kuma zan faɗi ƙaramar hukumar ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Wanda ya san garin nan ya san birnin rabe yake tsakanin Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, ga Wamakko da Dange-Shuni da Kware kowace ta ɗebi gefe, to kowa ya zaɓi wadda ransa ya ba shi. Kuma ba Mabera ba ce, kafin wani ya ji maganar ruwa ya ce ai ya gane.

Kawu tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ɓangaren kuɗi ya yi aiki har ya yi ritaya. Gidan na gado ne, ginin ƙasa da anka shafe da siminti, ba bene ba ne ba komai ba. Da garatutinsa ya fito bayan an sha jira, sai ya fasa katangar gaba ya fitar da shaguna uku, ɗaya tela ya kama, ɗaya wani yaro mai POS da cajin waya, na ukun mai kayan masarufi. Kuɗin hayar nan su ke toshe inda fansho ya gaza, kuma tun da anka cire tallafin mai a 2023 ai kowa ya san fansho ba ya kai tsakiyar wata.

Wata safiya bayan damina ta ɗauke sai ga mutum biyu da fayil, da wani yaro riƙe da gwangwanin jan fenti. Sunka yi sallama, sunka ce daga sakatariya suke, sunka miƙa takarda. Harajin gida ne, wai har da bashin shekara uku, jimla naira 60,000, a biya cikin sati biyu ko a garƙame shagunan. Yaron ya rubuta wata lamba a bango sunka wuce gida na gaba. A duk shekarun da Kawu ya yi a gidan nan ba wanda ya taɓa kawo masa irin wannan takarda, to bashin shekara uku daga ina? Ya kira ni a waya, muryarsa har rawa take, ya ce "Kai zo ka gani, wai haya za ni biya a gidan ubana."

Kafin in je wajen abin da ya faru sai na ɗan warware wani abu, don ni kaina a ruɗe nake lokacin. Kuɗin ƙasa daban, harajin gida daban. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, don haka wanda ke da takardar mallaka, wadda ake ce ma si-of-o, kuɗin ƙasa da yake biya na jiha ne. Shi kuwa harajin gida, kan ginin yake ba kan filin ba, kuma tsarin mulki na 1999 a jadawali na huɗu ya ba ƙaramar hukuma aikin kimanta gidajen mutane don a ɗora musu kuɗi, amma da sharaɗi, majalisar dokokin jiha ce ke tsara abin da za a karɓa. Ke nan ba ciyaman ne zai tashi da safe ya yanka ba, ballantana mai fayil a ƙofar gida. A ka'ida ana duba abin da gida zai iya kawowa na haya a shekara, a rubuta cikin rajista, sannan a ɗauki wani kaso a ciki. Haka abin yake a takarda.

Da na zo na tarar tela ya fito da wata leda cike da rasit, ya zube su kan keken ɗinki. Na shago, na allon talla alhali allon nasa wani guntun katako ne da anka rubuta sunansa da alli mai mai, na shara, na rajistar wurin sana'a. Wasu na ƙaramar hukuma, wasu na jiha, biyu kuwa ko hatimi babu. Ya ce Alhaji in dai aka ɗora maka wannan kai ma kanmu za ka juye shi, mu kuma mu juye kan mai kawo ɗinkin Sallah. Gaskiya ya faɗa. Harajin gida sunan mai gida yake ɗauke da shi amma aljihun ɗan haya yake sauka, shi ya sa in ana maganar rage shi kada talaka mara gida ya ce ba ruwansa.

Sai maƙwabcin Kawu, wani mai sayar da albasa da ke lodi zuwa Kudu, ya leƙo ya yi dariya ya ce mu ne baƙi. Wai ba a biyan abin da anka rubuta, ciniki ake yi kamar rago a Kara. Shi an rubuta masa fiye da namu, ya ba su ɗan abin da ya ba su a hannu, sun tafi, ba su dawo ba. Kwana uku kuwa sai ga ɗaya daga cikin masu fayil ya dawo shi kaɗai da yamma, ya rusuna ya gaida Kawu, Baba kaza Baba kaza, ya ce don girman furfura a kawo 15,000 a kashe maganar. Kawu ya ce to rasit fa? Ya ce littafin rasit ɗin yana ofis, amma zai kawo. Kawu ya dube shi ya ce "Ɗana, shekara talatin da biyat ni yi ina rubuta rasit, na san wanda za a kawo da wanda ba a kawowa. Tahi abinka."

Ni a raina na ce tsohon nan ya cika taurin kai, 15,000 da 60,000 ai ba a haɗa su. Amma tunda ya ƙi, dole wani ya je sakatariya, kuma ni ne ɗan aike.

Sau uku na je. Ranar farko ba kowa sai masinja da wasu awaki a inuwar darbejiya, wai an tafi ta'aziyya. Rana ta biyu aka ce mai makullin ofishin bai zo ba. Ta uku na dace da wani dattijo a sashen kuɗin shiga, mutumin kirki wallahi, ya ba ni kujera ya saurare ni. Na ce ranka shi daɗe abu biyu nake so in gani, rajistar da anka kimanta gidanmu a ciki, da dokar da ta ce ga kason da za a karɓa. Ya yi shiru, ya ce yaro tun da nake nan kai ne na farko da ya tambayi wannan. Rajista akwai ta, ya ɗauko, tsohuwa ce har takardun sun yi ja, rabin gidajen layinmu ba su ciki don lokacin da anka rubuta ta wurin gonar gero ne. Ya ce yaran da ido suke yi, in sun ga bene su ce kaza, in sun ga shago su ƙara kaza, in sun ga mota a ƙofar gida su ƙara. Na ce bashin shekara uku fa? Ya ce wannan don a samu wurin ragi ne. Haka ya faɗa min ba ko kunya, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma albashinsa ba ya isarsa kuma ba shi ya tsara abin ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da na tambaye shi kuɗin da ake tarawa me ake yi da su, sai ya ce ai waɗannan ba su ne kuɗin ƙaramar hukuma ba, waɗannan na man mota ne da ɗan abin shayi, kuɗi na gaske daga Abuja suke zuwa. Nan ne na fara gane inda gizo ke saƙa.

A rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. A harajin VAT kuma kashi 35 nasu ne. Ba ƙananan kuɗi ba ne, musamman bayan cire tallafi da kason wata-wata ya kumbura. Amma shekara da shekaru kuɗin ba sa zuwa hannunsu kai tsaye, sashe na 162 na tsarin mulki ya ce a zuba su a asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, daga can a cire albashin malaman firamare, a cire na fansho, a cire na masarauta, a cire na ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya saura shi ciyaman zai gani. Wannan ba Sakkwato kaɗai ba, ƙasar ce gaba ɗaya. A 2019 hukumar NFIU, mai bin diddigin hada-hadar kuɗi, ta yi ƙoƙarin ɗaure abin, har ta ce kada a ciri tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni sunka yi ca. Sai ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar kan jihohi 36, mai shari'a Emmanuel Agim ya karanta, aka ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu ya saɓa wa doka. Mun yi murna a Facebook kamar an yi mana bushara. Daga nan aka shiga maganar buɗe asusu a babban banki da kawo takardun odita, wata da watanni ana jan ƙafa.

To ko kuɗin sun zo kai tsaye, wa ciyaman zai ji tsoro? Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen. A 2021 PDP na mulki ta kwashe duka kujeru 23, a 2024 APC na mulki ita ma ta kwashe duka 23. Ban ce wata ta fi wata ba, kuma haka ake yi kusan kowace jiha. Mutumin da kujerarsa daga gidan gwamnati ta fito, kuɗinsa daga Abuja, me zai kawo shi layinmu ya duba lambatu?

Lambatun nan shi ne asalin ɓacin ran Kawu, ba 60,000 ba. Yana bi ta ƙofar shagunan, ya cushe da leda da yashi da robar fiya wata, kwalbatin bakin titi ya karye tun tuni. Duk watan Agusta ruwa sai ya shiga shagon tela, sauro kuwa ba a magana, jikokin Kawu biyu sun kwanta da zazzaɓi a daminar nan. Kuma a jadawalin nan na huɗu da ya ba su ikon karɓar harajin gida, a nan ɗin dai aka rubuta gyaran magudanan ruwa da kwashe shara da sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, duk aikinsu ne. Shafi ɗaya. Sun karanta layin karɓa sun tsallake layin yi.

Da labari ya zaga, mai unguwa ya tara masu gidaje bayan sallar isha'i a ƙofar masallaci. Nan fa aka rabu biyu. Wani malamin makaranta, mai zafi ne sosai, ya ce a rubuta takarda a nemi a soke harajin gaba ɗaya. Ya kawo tarihi, ya ce Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali a 1979 kuma sama ba ta faɗo ba. Ya ce mu da muke zaune kusa da Hubbare, Shehu Usmanu da kansa a Kitabul Farƙ ya lissafa jangali da kuɗin gari da kuɗin salla cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa, to don me za mu zauna ana shafa mana jan fenti a bango. Jama'a sunka ɗauki kabbara. Ni ma a lokacin ina bayansa, ƙarya ba kyau.

Kawu ne ya kwantar da wurin. Ya ce shi ya ga harajin En'e da idonsa yana yaro, ya ga yadda magidanci ke barin gari in lokacin ya zo, ya ga ana tare mutum a hanya a ce ya nuna takardar haraji, ba ya fatan wannan ya dawo. Amma ya ce abu ɗaya ya tuna, a wancan zamanin uban ƙasa da hakimi sun san kowane gida da mutum nawa ke ciki, don abincinsu na wurin. "Yanzu wa ya san da mu? In munka ce ba mu ba da ko sisi, ranar da munka tai sakatariya da kuka mi za mu aza kan tebur? Cewa za su yi kuɗɗin Abuja ba su zo ba, mu koma gida." Malamin ya ce ai kuɗin Abujan ma namu ne. Kawu ya ce namu ne, amma ba ka da rasit ɗinsu.

Na daɗe ina juya maganar nan. Har yanzu ina ganin malamin yana da gaskiya ta wani gefen, don mutumin da ke fama da kuɗin masara da kuɗin makaranta, ga 'yan gudun hijira daga gabashin jiha sun cika gidajen 'yan uwa, ka ce masa ya biya haraji don ya samu bakin magana, abin kamar izgili ne. Amma na bar ra'ayin sokewa. Abin da na gani a sakatariya ya nuna min ko an rage kuɗin zuwa rabi a takarda ba abin da zai canza, tunda dama ba takardar ake bi ba. Mai fayil zai ci gaba da rubuta abin da ya ga dama, mai albasa ya ci gaba da ciniki, mai gaskiya irin Kawu shi ne zai biya da yawa. Ragin da ke da amfani shi ne wanda aka manna a bango kowa ya gani, gida irin kaza kuɗinsa kaza, a biya a banki.

Legas ta taɓa shiga irin wannan, duk da su nasu ya fi namu tsari nesa ba kusa ba. Sun haɗe kuɗin ƙasa da harajin gida wuri ɗaya tun 2001, a 2018 gwamna Ambode ya sake doka kuɗin sunka yi tsalle, 'yan kasuwa da lauyoyi sunka fito zanga-zanga, dole ya rage, sannan magajinsa Sanwo-Olu ya sake sassautawa a 2020. Sun iya yin faɗan ne don akwai lissafi a rubuce da za a yi faɗa a kansa. Kuma a dokarsu ɗan fansho da ke zaune a gidansa ba ya biya. Da na faɗa wa Kawu wannan sai ya ce to a kai shi Legas. Sai dai can ɗin ma jiha ce ke karɓa ta raba, wato an sake janye wani abu daga hannun ƙaramar hukuma, ni wannan ɓangaren bai kwanta min ba.

Abin dariya, gyaran ƙananan hukumomi ba baƙon abu ba ne a garin nan. Bayan garambawul na 1976 da ya kawo tsari iri ɗaya a duk ƙasa, kwamitin da gwamnatin Buhari ta soja ta kafa a 1984 don sake duba lamarin, Ibrahim Dasuki ne ya shugabance shi, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1988. Shekara arba'in ke nan ana gyara.

A ƙarshe takarda ɗaya munka rubuta, masu gida goma sha tara sunka sa hannu, har da malamin bayan an lallashe shi, mai albasa dai ya ce shi ya riga ya gama da su. Mun ce ba mu ƙi biya ba, amma a cire bashin da ba a taɓa sanar da mu ba, a nuna mana yadda anka kimanta kowane gida, a ba mu lambar asusun ƙaramar hukuma mu biya a banki, sannan a zo a duba lambatu da kwalbati. Mai unguwa ya kai wa hakimi, mu kuma munka nemo kansila, wanda sai da munka yi kwana huɗu kafin mu gano gidan da ya koma. Da ya ga sa hannun mutum goma sha tara da lambobin wayarsu jikinsa ya yi sanyi, ya ce Baba ai da kun kira ni tun farko. Kawu ya ce da wace lamba.

Bayan kamar sati uku aka kira mu. Bashin shekara uku an yafe, wai bisa umarnin ciyaman, kamar wata kyauta. Kimantawa ba a nuna mana ba, an ce ana kan sabunta rajista. Amma an yanka wa gida mai shago 12,000 a shekara, wanda ba shago 5,000, kuma an ba mu lambar asusu. Ka duba fa, abin da munka biya da rasit bai kai abin da mai fayil ya nema a hannu ba rasit ba. Yaron POS ne ya yi wa kusan kowa tiransifa, ya ci cajinsa, shi ne ya fi kowa riba a lamarin. Na kai takardun banki sakatariya, dattijon nan ya rubuta rasit ɗaya bayan ɗaya yana murmushi, ya ce rabon da ya cika shafi biyu a rana ɗaya har ya manta.

Lambatu kuwa, an ce mu sa matasa su yashe, za a turo mota ta kwashe. Ranar Asabar yara sunka fito da shebur da baro, tela ya sayi fiya wata, Inna matar Kawu ta dama kunu, kafin azahar an tara yashi da leda tsibi-tsibi a bakin titi. Mota ta zo ranar Talata ta yi sawu ɗaya, direba ya ce mai ya ƙare zai dawo. Kwalbati an zo an auna da tef an ɗauki hoto.

Tsibin nan ya kwana a wurin duk rani, awaki na hawa, iskar hunturu na mayar da ledar cikin lambatu kaɗan-kaɗan. Ruwan farko da anka yi na bana ya wanke sauran ya mayar inda anka ciro shi, ya shiga shagon tela har ya jiƙa masa shadda biyu na mutane. Washegari da sassafe Kawu ya kira ni, na same shi zaune kan tabarma ya fito da rasit ɗin daga cikin wata tsohuwar jakar fata inda yake ajiye takardun fansho. Lambar gidan da ke jikin rasit ɗin daban, wadda yaron ya rubuta da jan fenti a bango daban, sai ranar na lura. Ya ce in je in yi hoton rasit ɗin kofi goma sha tara, na kowa da kowa, in biya ta gidan malamin in ce masa ya shirya, Litinin da ƙarfe tara za mu sakatariya, kuma wannan karon shi ma zai je da kansa ko da a Keke Napep ne.